RPG-7 ko ƙaramar igwa: wanne za a fara saya wa sojan ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya idan kuɗi sun yi ƙaranci, wanne ya kamata gwamnati ta fara saya wa sojojin da ke yaƙi da 'yan ta da ƙayar baya: RPG-7, wato bindigar harba roka, ko ƙaramar igwa mai bakin milimita 60, wadda ake kira morta.

RPG-7 dai ba ta da wuyar sha'ani. Tun 1961 Tarayyar Sobiyet ta fito da ita, nauyinta wajen kilo 7, mutum ɗaya ke saɓa ta a kafaɗa. Ƙasashe da dama na ƙera rokokinta, shi ya sa take da araha. Idan motar ƙunar baƙin wake ta doso shinge, ita ce magani. Sai dai hannunta gajere ne: da abu ya wuce mita 300, samunsa sai gwani, kuma rokar kan tarwatse da kanta a wajen mita 900.

To ka duba filin arewacin Borno, shimfiɗe kamar faifai. Maharan na zuwa da Hilux ɗauke da bindigar harbo jirgi irin DShK, wadda harsashinta ke cin kusan kilomita 2. Su tsaya can nesa suna ruwan wuta, soja na cikin rami rungume da RPG, yana hango walƙiyar bakin bindigarsu amma ba shi da yadda zai yi. Duk wanda ya tuna yadda 'yan ta da ƙayar baya suka mamaye sansanin soja na Metele, a arewacin Borno, a Nuwamban 2018 ya san zafin a ce sansani ya faɗi.

A nan igwar ta yi fice. Samfurin M224 na Amurka na kai kusan mita 3,500, ana harba ta daga cikin rami ba sai an ɗaga kai ba, kuma tana da harsashin da ke haska fili da dare, lokacin da aka fi kawo hari. Amma tana da cin rai. Nauyinta ya haura kilo 20, tana son mutum uku, da mai hangen inda harsashi ya sauka, da rediyo mai aiki, da atisaye ba na sati ɗaya ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne kuskure. Harsashi ɗaya ya kauce ya faɗa kan gidan manomi, ƙauyen nan ya daina ba soja labari ke nan, kuma a irin wannan yaƙi labarin mutanen gari ya fi kowane makami tsada.

Ni a ganina, a sansani igwa ce gaba, a sintiri kuma RPG. In dole sai ɗaya, na zaɓi igwa, da sharaɗin kuɗin horo da rediyo da harsasan atisaye suna cikin lissafin tun farko. In ba a ware wannan ba, gara a sayi RPG.