Babin fara ya burge mu, sai ga shafi goma sha shida babu

Don autata ta ƙara Turanci na saya mata wani littafi lokacin hutu, ban ma sa ran zai ja ni ba. Labarin wata yarinya ne da iyayenta suka baro Norway suka yada zango a Nebraska ta Amurka, saboda dokar 1862 da ta ce wanda ya zauna shekara biyar yana noma, eka 160 ta zama tasa. Fili fetal, ko itacen asuwaki babu. Ƙasa mai ciyawa suke yankowa su jera kamar tubali su yi ɗaki, girki kuma da busasshen kashin shanu.

Babin fara ne ya kama mu. A 1874 farin ɗango ya rufe rana, ya sauka a gonar masara, kafin la'asar sai kara tsirara. Uwar ta lulluɓe lambunta da barguna, farar ta haɗa har bargon ta ci. Ina karantawa ina fassarawa, murya ta fara rawa, sai autata ta ɗago ta ce, "To Mama, me ya hana su soya ta da yaji?" Dariya har na ƙware. Hayaniyarmu ce ta fito da Hajiya daga ɗaki, ta zauna ta ba mu labarin shekarar da fara ta cinye musu gero, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. A daren nan na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ashe da sauran rina a kaba. Mun zo guguwar dusar ƙanƙara ta Janairun 1888, wadda ta ritsa da yara a makaranta, ƙanin yarinyar ya fita ya nufi gida, sai na ga daga shafi na 96 an tsallaka zuwa na 113. Na koma wurin mai shagon, ya ce wai haka suka zo. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Da raina ya ɓaci ne ma na tuna wani abin. 'Yan ƙabilar Pawnee, mazauna wurin na asali, da aka kwashe daga Nebraska zuwa Oklahoma a shekarun nan, layi ɗaya tak aka ba su, kamar filin daga sama ya faɗo.

Autata har yau tana tambaya ko yaron ya isa gida. Na ce mata ya isa, don ta yi barci.