Kai Kukan Unguwa Ƙaramar Hukuma Kan Faɗan Daba: Tarba Mai Kyau, Aiki Rabi

Duk unguwar da faɗan daba da ƙwacen waya suka addaba a cikin ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewayensa, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, akwai ranar da dattawanta za su gaji da jaje, su rubuta takarda, su nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Ni ɗan kwamitin ƙungiyar ci gaban unguwarmu ne, kuma ina cikin waɗanda aka ɗora wa wannan zirga-zirga, don haka abin da zan yi sharhi a kansa shi ne irin hidimar da talaka yake samu idan ya kai kukan tsaro gaban hukumar da ta fi kusa da shi. Ba zan ambaci sunan ƙaramar hukumar ko na ofishin 'yan sandan yankinmu ba. Hukuncina shi ne ana karɓar mutum da mutunci, ana saurarensa, ana ma taɓuka wani abu idan jini ya zuba, amma ayyukan da za su hana jinin zuba tun farko, waɗanda kuma doka ta danƙa a hannun ƙaramar hukuma, su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ya kamata mai karatu ya san irin halin da ya kai mu can. A layinmu akwai wani kango da mai shi ya ɗaga har linta ya bari shekaru masu yawa, ya zama matattarar masu shan wiwi da sholisho da ƙwayoyi, daga nan kuma ake fitowa a tare hanya. Mai shagon da ke bakin lungu ya sa an yi masa waldar ƙarfe a ƙofa, ya bar 'yar taga da hannu kawai ke shiga, ta nan yake miƙa burodi da sukari daga magariba. Makarantar Islamiyyar dare ta matan aure ta koma yamma, sannan ta ragu, domin babu magidancin da zai yarda iyalinsa ta ratsa wannan lungu bayan sallar isha'i. Idan rikici ya tashi tsakanin yaranmu da na unguwar maƙota, sai ka ji ana buga ƙyamare ana kiran yara, ga matasa sun fito da adda da barandami da gora, wanda tsautsayi ya rutsa da shi a hanya shi ne abin sara, ko yana cikin faɗan ko ba ya ciki.

Hanyar shigar da koke ba ta da wahala ga wanda ya san tsari, kuma a nan dole a yaba. Mun fara da mai unguwa, ya sa hannu a takardarmu, ya haɗa mu da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, kansilan mazaɓarmu kuma ya yi mana jagora zuwa sakatariya. Ma'aikacin da ke karɓar wasiƙu ya buga hatimi da kwanan wata a kwafinmu ya mayar mana, wannan 'yar takarda mai hatimi kuwa ita ce ta riƙa buɗe mana ƙofa daga baya, domin duk wanda ya ce bai san da maganar ba sai mu shimfiɗa masa ita a kan tebur. Ba a nemi ko sisi a hannunmu ba. Da muka samu ganin shugaban ƙaramar hukumar, ya ba dattijon da ya jagorance mu kujera, yana ce masa Baba, shi kuma yana amsa masa da ranka ya daɗe, aka saurari bayaninmu har ƙarshe ba tare da an katse mu ba. Jiran da aka sa mu yi yana da tsawo, amma ba shi ne abin da ya dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne amsar da aka ba mu, wadda na tabbata mazauna unguwanni da yawa sun ji irinta: wai tsaro ba a hannun ƙaramar hukuma yake ba, na gwamnatin tarayya ne. A maganar akwai gaskiya. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya, kuma shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ba baturen 'yan sanda umarni, sai dai roƙo da lallashi. Zamanin da hukumar gargajiya take da 'yan dokarta ya wuce tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe su cikin 'yan sandan Nijeriya. Sai dai wannan kundin da ake fakewa da shi, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da gina tituna da gyara su, da fitilun kan titi, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sanya wa tituna suna da lambar gidaje, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa ido kan shaguna da kes-kes. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da 'yan daba suka kafa sansani ya san cewa rabin tsaro a cikin waɗannan abubuwa yake. Ɗan daba duhu yake so, da juji da zai ɓoye makami a ciki, da lungun da mota ba ta shiga, da kes ɗin da ake sayar da ƙwaya a ƙarƙashin kanta.

Saboda haka ba mu roƙi ƙaramar hukuma ta kama kowa ba. Mun roƙi a sa fitilu masu aiki da hasken rana a lunguna uku da aka fi tare mutane, a kwashe jujin da ke bayan kangon, a rubuta wa hukumar tsara birane ta jiha game da kangon kansa domin a tilasta wa mai shi ya kewaye shi ko ya ƙarasa ginin, sannan a sanya wa layukanmu suna. Wannan buƙata ta ƙarshe wasu suna ganin ƙarama ce, alhali ita ce ke sa idan ka kira lambar gaggawa ta 112 ko lambar ofishin 'yan sanda, sai ka ɓata lokaci kana kwatance da masallaci da bishiyar darbejiya da gidan wane, kafin a gane inda kake an riga an yi ɓarnar an watse. Daga cikin buƙatun nan jujin kaɗai aka kwashe, shi ma sau ɗaya, ya kuma sake taruwa. Fitilu an ce suna cikin kasafin kuɗi. Manyan titunan birni suna da haske da dare, wannan abin a yaba wa gwamnatin jiha ne, amma ƙwacen waya da sara a cikin lungu ake yin mafi yawansu, lungu kuwa haƙƙin ƙaramar hukuma ne. Maganar kango har yau ba mu ga kwafin wasiƙar da aka ce an aika ba.

Inda hidimar ta nuna amfaninta shi ne zaman kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, wanda yake haɗa shugaban da hakimi da baturen 'yan sanda da wakilan sauran hukumomin tsaro. An gabatar da kukanmu a can, kuma ba a jima ba motar sintiri ta fara shigowa unguwa da dare. A makonnin da ta yi tana zuwa, mai shayi ya dawo da teburinsa, majalisar dattawa ta ƙofar masallaci ta koma zama har goma, an kuma kai samame kangon aka kwashe wasu matasa da makamai. Na ga jami'an da suka yi wannan aiki da idona, sun shiga wurin da mu mazauna muke tsoron leƙawa da rana tsaka, kuma ba zan rage musu komai daga yabon da suka cancanta ba. Amma sintirin ya dogara ne da man fetur da ƙaramar hukuma take bayarwa, da man ya yanke sai motar ta daina zuwa, babu wanda ya sanar da mu, mu ne muka lura da kanmu da dare ya sake yin shiru irin na tsoro.

Babban aibin da na samu, wanda ya sa ba zan iya ba wannan hidima cikakken yabo ba, shi ne rashin sirri. Takardar kokenmu tana ɗauke da sunaye da sa hannun magidanta, ta bi tebura da yawa, kuma ba a daɗe ba yaran da aka kama suka dawo unguwa a kan beli sun san wanda ya rubuta da wanda ya kai. Beli haƙƙi ne da doka ta ba wanda ake tuhuma, ban ja da wannan ba, amma a ce wanda ya kai ƙara shi ne zai koma kwana da fargaba, wannan lalacewar tsari ce. An jefi ƙofar ɗaya daga cikinmu da duwatsu cikin dare, an aika wa wani saƙon baki ta hannun ɗansa. Tun daga nan mutanen da suka fi kowa sanin dillalan ƙwaya da masu sayen wayoyin sata suka kama bakinsu. Ana kuma yawan cewa wasu daga cikin yaran nan suna da iyayen gida a siyasa waɗanda suke nemansu lokacin kamfen, kuma muddin mai karɓar koke da mai zuwa belin ɗan daba suna iya haɗuwa a ofis ɗaya, talaka ba zai saki jiki ya faɗi abin da ya sani ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin jama'a da 'yan sanda har zuwa matakin ofishin yanki, ga kuma tsohon kwamitin hulɗa da jama'a da aka sani da PCRC, amma ko ɗaya ba zai yi tasiri ba idan babu hanyar da mutum zai ba da bayani sunansa ya tsira.

Game da 'yan sintirin unguwa, waɗanda su ne suke kwana a waje a zahiri, tallafin ƙaramar hukuma bai wuce tocila da 'yan takalma da ake rabawa jefi-jefi ba. Alawus ɗinsu daga karo-karon gidaje yake fitowa, gidan da ya samu ya bayar, wanda bai samu ba a yi masa uzuri. Rashin horo da rashin mai sa ido a kansu haɗari ne babba, domin ɗan sintirin da ya ga an saki wanda ya kama jiya, gobe yana iya yanke hukunci da gorarsa, daga nan kuma sai a faɗa ɗaukar doka a hannu, wanda ba ya bambance mai laifi da wanda aka yi wa ƙazafi. A farkon shekarar 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar kafa rundunar tsaron unguwanni ta jiha, kuma fatana shi ne ƙananan hukumomi su haɗa 'yan sintirin da suke da su da wannan tsari, a san sunan kowa, a san wanda yake ba shi umarni da wanda za a kai wa ƙararsa idan ya wuce gona da iri.

Matakan da aka ɗauka daga sama sun nuna cewa matsalar tana jin magani idan aka sa hannu. A watan Mayun 2023 majalisar tsaron jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A shekarar kuma kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Muhammad Usaini Gumel, ya gayyaci jagororin daba su ajiye makamai, ɗaruruwa suka amsa kira. Abin da ya rage bayan tuba shi ne sana'a da jari da wanda zai riƙa bibiyar yaro, wannan kuwa aiki ne da ba a iya yinsa daga hedikwata, sai wanda ya san gidan su yaron da mahaifiyarsa da malaminsa. Jihar tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta da masu unguwanninta. Mun ba da shawarar a tura tubabbun yaran unguwarmu wurin masu walda da kafintoci da masu gyaran adaidaita sahu da ke cikinmu, waɗanda suka ce za su karɓe su idan hukuma za ta ɗauki nauyin kuɗin abinci na 'yan watanni. An yaba da shawarar ƙwarai, an ce a rubuto ta, mun rubuta, nan ta tsaya.

Uzurin da ake kawowa kullum shi ne kuɗi, wai rabon ƙananan hukumomi ba ya isowa hannunsu kai tsaye. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, an kuma yi zaɓen shugabanni da kansiloli a Kano a watan Oktoban shekarar. Ko yaya ake ciki da aiwatar da hukuncin, rubuta wasiƙa kan kango, da adana sunan mai ƙorafi a aljihun tebur mai makulli, da buga wa mai unguwa waya a gaya masa an dakatar da sintiri, babu wanda yake buƙatar kason tarayya a cikinsu.

Ga unguwar da take tunanin bin wannan hanya, shawarata ita ce ta bi, domin zama a gida bai taɓa kawo motar sintiri ba, mu kuma zuwanmu ya kawo ta ko da na ɗan lokaci ne. A tafi da sunan ƙungiya, mai unguwa ya sa hannu a madadin kowa, kada a jera sunayen magidanta a takarda kamar yadda aka saba. Sunayen waɗanda ake zargi kuma kada su shiga wasiƙar sam, a faɗa wa baturen 'yan sanda baki da baki a gaban hakimi. A nemi hatimi a kan kwafi, a rubuta buƙatun da jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma a fili yadda ba za a ce na Abuja ba ne, a kuma nemi a faɗi ranar da za a dawo jin amsa. Mu a namu ɓangaren mun yi karo-karo mun sayi fitila ɗaya mun kafa a bakin lungun da ya fi muni, sauran biyun muna jiran kasafin da aka yi mana alkawari, kuma kwamitinmu zai koma sakatariya da kwafin nan mai hatimi kafin zaman kwamitin tsaro na gaba.