Na'urar Gold Monster 1000 a Ƙasar Asante: Abin da Take Ji da Abin da Ba Ta Ji

Tun da farashin zinariya ya haura dala 3,000 a kan kowane oza a watan Maris na 2025, sannan ya zarce dala 4,000 a watan Oktoba na shekarar, zancen na'urar gano zinariya ya cika majalisun matasa a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango na birnin Kumasi a ƙasar Gana. Sana'ata gyaran kayan lantarki ce, saboda haka irin waɗannan na'urori sukan biyo ta teburina, ko dai don a gyara wayar da ta tsinke, ko kuma don mai niyyar saye yana son jin ta bakin wanda ba shi da riba a cinikin. Wadda aka fi tambayata a kanta ita ce Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab. Na duba ta ciki da waje, na kuma yi aiki da ita a filin wani abokina mai lasisin ƙaramin aikin haƙar zinariya a yankin Amansie. Abin da na gani shi ne, na'ura ce mai kyau wadda take cika alkawarin da masu ƙera ta suka yi, sai dai alkawarin nasu bai kai ko kusa da wanda dillalai suke yi wa yaranmu ba.

Minelab kamfanin ƙasar Ostireliya ne da ke birnin Adelaide, kuma ya fito da wannan na'ura a 2017 a kan farashin dala 799, da nufin ta isa hannun masu neman zinariya da ba su yi dogon karatu ba. Ana ganin wannan niyya a jikinta, domin maɓallanta kaɗan ne kuma alamu ne a kansu maimakon rubutu. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, don haka mutum yana iya wuni yana shara da ita ba tare da kafaɗa ta sage ba. Wadda na yi aiki da ita ta zo da faifai biyu, ƙarami zagayayye mai faɗin inci 5 da kuma dogo mai inci 10 da 6, tare da batir mai caji, da gidan ƙananan batura takwas don ranar da babu wuta, da wayar da ake maƙalawa a batirin mota. Har wata mahaɗa aka saka wadda za a iya ɗaura na'urar a kan sandar icce da ita idan ƙotar ta karye a daji. A matsayina na mai gyara, wannan ya burge ni, domin ya nuna cewa an yi tunanin mutumin da yake nesa da shago.

Faifan da ake sharawa a kan ƙasa yana aika ƙarfin maganaɗisu mai kai da komowa sau dubu 45 a cikin daƙiƙa guda, kuma duk ƙarfen da ya shiga cikin wannan ƙarfi sai ya mayar da amsa, na'urar ta yi ƙara. Saurin nan shi ne sirrin kaifin jinta a kan ƙananan ƙwayoyi. Na ga hakan da idona a filin abokina, inda muka saka ƙwayar zinariya da ba ta fi ƙwayar gero girma ba a cikin ƙullin leda, muka tura ta ƙarƙashin ƙasa kamar zurfin gaɓar yatsa, aka bi ta kai da ƙaramin faifan, sai ga ƙara siririya mai tsafta tana fitowa a hagu da dama. Idan ƙara ta fito a wurin aiki, sai a kankare ƙasa da diga, a riƙa ɗibar ta da ludayin roba ana gittawa a kan faifan, ana rabawa biyu ana zubar da rabin da bai yi ƙara ba, har abin ya rage a tafin hannu. Dole mai yin haka ya cire zobe da agogo, kuma ya guji takalmi mai ƙarfe a baki, in ba haka ba zai wuni yana bin ƙarar jikinsa.

Ƙasarmu kuwa ba ta sauƙaƙa wa irin wannan na'ura ba. Jar ƙasa da marmara da suka rufe yawancin yankin Asante cike suke da sinadarin baƙin ƙarfe, kuma duk na'ura mai wannan tsari tana jin ƙasar da kanta kamar yadda take jin ƙarfe. Gold Monster tana daidaita kanta da yanayin ƙasa, ba sai an murɗa komai ba, kuma tana yin hakan da kyau idan aka ɗaga faifan aka sauke shi na ɗan lokaci kafin a fara tafiya. Amma a inda tsakuwar marmara ta yi yawa, dole a rage mata kaifi don ta daina surutu, kuma duk kaifin da aka rage, zurfin da take kaiwa ma ya ragu. Ƙwayar da ba ta kai giram ɗaya ba, sai tana cikin taƙi guda daga saman ƙasa ko ƙasa da haka kafin a ji ta. Manyan na'urorin kamfanin, irin su GPX 5000 da GPZ 7000 da GPX 6000, suna aiki da wani tsari dabam wanda bai damu da jar ƙasa sosai ba kuma yana shiga zurfi, sai dai kuɗinsu dubban daloli ne. Akwai kuma alama a fuskar na'urar da take karkata dama idan tana zaton zinariya ce, ta karkata hagu idan baƙin ƙarfe ne. Tana taimakawa wajen kauce wa ƙusa da guntun fartanya, amma ba ta iya raba zinariya da darma ko tagulla ko sanholo. A dajin da mafarauta suka daɗe suna harbi, ƙananan harsasan bindigar toka za su sa mutum ya yi haƙa har ya gaji, kuma wannan iyakar fasahar ce, ba laifin wani kamfani ba.

Babbar maganar da nake son mai karatu ya riƙe ita ce, na'urar ba ta jin garin zinariya. Kowace ƙwaya ita kaɗai take amsawa, saboda haka idan zinariyar ta yi laushi kamar gari, ko da an tara ta da yawa a cikin yashi, faifan zai wuce ta kai shiru. Yawancin arzikin ƙasar nan kuwa a haka yake. Zinariyar Obuasi da yawanta tana kulle ne a cikin duwatsu masu sinadarin farar wuta da asanik, sai an niƙa an sarrafa kafin ta fito. Ta Tarkwa ƙananan ƙwayoyi ce warwatse a cikin dutse. Ta bakin kogunan Offin da Pra da Birim mafi yawanta gari ce, wadda tun zamanin sarakunan Asante ake wanke ta a kasko, kuma da garin nan aka yi ta ciniki a kasuwar Kumasi ana auna shi da ƙananan ma'aunan tagulla. Labaran da suke ruɗar matasanmu daga hamada suke fitowa, daga Sudan inda aka fara rububin na'urori wajejen 2009, da kuma Jado da Cibarakaten a arewacin Nijar inda zinariya ta bayyana a 2014. A can babu ciyawa, babu tarin ganye, iska ta share ƙasa ta bar gudajin zinariya kusa da sama, kuma ba a taɓa bin wurin da na'ura ba. Dajin koko mai zurfin ƙasa da yawan ruwan sama wani abu ne dabam. A Gana, wuraren da suka fi dacewa da ita su ne na arewa irin su yankin Bole da Wa da Talensi, inda ƙasa ba ta da kauri a kan dutse.

Wannan ba ya nufin ba ta da amfani a kudu. A filin abokina, inda ta fi biyan kuɗinta shi ne kan tarin manyan duwatsu da tsakuwar da rariyar wanki ta tace ta zubar, domin duk ƙwayar da ta fi ramin rariya girma, ko wadda take manne da farin dutse, can take tafiya ba tare da kowa ya sani ba. Tana kuma taimakawa wajen zaɓen dutsen da ya cancanci a kai injin niƙa. Zinariyar da aka samu ta wannan hanya ba ta buƙatar zaiba, kuma duk wanda ya ga yadda ruwan Offin ya koma launin kunu zai san darajar hanyar da ba ta guba. Amma a lura, wannan ƙari ne a kan aikin da yake tsaye da ƙafarsa, ba ita ce aikin ba.

Wani ɗan ƙanwata ya zo mini da niyyar sayar da babur ɗinsa, ya ce, "Kawu, an ce giram goma kawai zan samu na mayar da kuɗina." Na ce masa lissafin bai yi ƙarya ba, amma bai cika ba. Oza ɗaya giram 31.1 ne, don haka a farashin dala 4,000 giram guda na tatacciyar zinariya ya kai kusan dala 128. Sai dai wadda ake tonowa ba tatacciya ba ce, mai saye zai rage na datti da na azurfar da ke cikinta, mai fili yana da kasonsa, wanda ya ɗauki nauyin abinci da mota yana da nasa, kuma ranakun da ake dawowa hannu rabbana sun fi waɗanda ake dawowa da wani abu yawa. Babur kuwa kullum yana kawo na cefane. Na ba shi shawarar ya fara karɓar haya ko ya bi wani mai na'ura na tsawon rani guda kafin ya taɓa jarinsa.

Wajen saye ma sai an buɗe ido. Jabun na'urorin Minelab sun daɗe da cika kasuwannin Afirka, har kamfanin ya riƙa manna tambarin tsaro a jikin kayansa don a tantance na gaske. An sha kawo mini waɗanda kwalinsu da fentinsu ba su da maraba da na asali, amma da na buɗe sai na tarar da allon lantarki mai arha wanda ba ya jin komai ƙasa da tsabar kuɗi. Akwai wani shago a Adum, cikin Kumasi, da na yaba da tsarinsa, domin mai shagon yana ba da rasit mai ɗauke da lambar na'ura, yana kuma barin mai saye ya gwada a kan jar ƙasa a bayan shago. Da na nemi a gwada da ƙaramar ƙwaya maimakon zobe, bai ɓata rai ba, ya ce, "Malam, ai gwajin gaskiya ke nan." Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, a teburi ɗaya yake jera wasu na'urori masu eriya da ake cewa suna nuna zinariya daga nisan kilomita. Na buɗe irinsu, kuma babu wani abu a ciki da zai iya yin wannan aiki. Duk wanda aka ce ya biya kafin ya gwada, ya sani cinikin biri a sama ake so ya yi.

Mallakar na'ura ba izinin neman zinariya ba ne. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa mallakar Jamhuriya ne, ko da a gonar mutum yake. Dokar ma'adinai ta 2006, mai lamba 703, ta hana bincike ko haƙa ba tare da izini ba, kuma gyaran da aka yi mata a 2019 ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai haƙa ba lasisi. Lasisin ƙaramin aiki na 'yan ƙasa ne kaɗai, waɗanda suka kai shekara 18, a fili da bai wuce eka 25 ba, kuma ta hannun Hukumar Ma'adinai ake nemansa. Wannan ya shafi 'yan uwanmu baƙi daga Nijar da Najeriya da suke sauka a zangunanmu da na'ura a jaka, kuma haƙƙi ne a kan masu masaukinsu su faɗa musu gaskiya tun kafin su shiga daji. Tun 2025 kuma, cinikin zinariyar ƙananan mahaƙa ya koma ƙarƙashin hukumar GoldBod, wadda ta gaji PMMC, kamfanin gwamnati mai sayen zinariya a da, don haka sai a sayar wa mai saye da yake da lasisinta. Tsofaffin kufai da makabartu ba wurin gwada na'ura ba ne, domin kayan tarihi suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ban da alhakin tona kabari.

Masu son ta don nishaɗi, kamar neman zobe da sarƙa a bakin teku irin na Labadi a Accra, su san cewa za ta yi aiki a busasshen yashi, amma jiƙaƙƙen yashi mai gishiri yana rikita na'ura mai irin wannan sauri, kuma marafan kwalba da ledar sanholo ba za su bar kunne ya huta ba. Faifanta yana jure shiga ruwa, amma akwatin maɓallan yayyafi kawai yake jurewa, ba a nutsa shi. Zoben da aka tsinta a irin wannan wuri kuma yana da mai shi, kuma malamanmu sun karantar da cewa tsintuwa mai daraja sai an yi cigiyarta shekara guda kafin a yi maganar amfani da ita.