Sapporo a lokacin dusar ƙanƙara: inda ya kamata a kashe kuɗi da inda za a tsuke aljihu

Ga mai son ganin dusar ƙanƙara a Japan ba tare da ya bar jin daɗin birni ba, Sapporo ta fi sauƙi. Ita ce babban birnin tsibirin Hokkaido a can arewa, tana da mutane kusan miliyan 2, kuma dusar da ke zuba mata a shekara takan kai kusan mita 5. An tsara tsakiyar garin da sanin haka. Shi ya sa kusan duk zaɓin da matafiyi zai yi, daga otal har takalmi, yana komawa ga tambaya ɗaya: minti nawa zan yi ina taka ƙanƙara a waje?

A fara da lokacin zuwa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Kirsimeti ana ƙawata lambun Odori da fitilu, ana kuma cin kasuwar Kirsimeti irin ta Jamus. Sai dai a farkon Disamba dusar ba lallai ta kwanta ba, kuma rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 4. Kwanakin sabuwar shekara, daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, wurare da yawa a rufe suke. Farkon Fabrairu shi ne bikin dusa, Yuki Matsuri, wanda ya samo asali a 1950 lokacin da 'yan makaranta suka gina mutum-mutumi 6 na dusa a Odori. Yanzu gine-gine ne manya, amma kuɗin ɗaki yana tashi ƙwarai, kuma sai an kama shi watanni kafin. A ganinmu, wanda ba bikin ya kawo shi ba ya zo tsakiyar Janairu zuwa ƙarshensa: dusa ta yi kauri, cunkoso da sauƙi. A dai duba kada ranakun su faɗa kan hutun sabuwar shekarar Sinawa, don shi ma yana ɗaga farashi.

Daga Tokyo, jirgin sama zuwa filin New Chitose wajen awa ɗaya da rabi ne. Jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen bai iso Sapporo ba tukuna, a Shin-Hakodate-Hokuto yake tsayawa, sai a sake wani, tafiyar ta tashi kusan awa 8. Daga filin jirgi zuwa cikin gari, jirgin ƙasa na kamfanin JR mai suna Rapid Airport yana yin wajen minti 40, bas kuma fiye da awa ɗaya, ta ƙara idan hanya ta lalace. Bas tana da amfani ne kawai idan tana tsayawa a ƙofar otal ɗinka kuma kayanka da nauyi. Abin da ke yawan ɓata wa baƙi lissafi shi ne guguwar dusa, wadda kan sa a soke jirage. Wanda jirginsa na komawa gida daga Tokyo zai tashi, ya koma Tokyo kwana ɗaya kafin ranar.

Masauki shi ne inda ba a rowa. Akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa, Chi-Ka-Ho, mai tsawon mita 520, da aka buɗe a 2011 tsakanin tashar Sapporo da Odori. Daga Odori kuma layin shagunan Pole Town ya ci gaba a ƙarƙashin ƙasa har Susukino. Ke nan mutum zai iya ratsa tsakiyar gari ba tare da iska ta taɓa shi ba. Unguwar tasha ta fi dacewa da mai kaya da yawa da mai shirin fita wasu garuruwa. Odori tana tsakiya, a nan layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa guda 3 suke haɗuwa. Susukino ta fi yawan gidajen abinci kuma sau da yawa ana samun ɗaki da rahusa, amma unguwar mashaya ce, mai iyali ba zai so hayaniyarta da dare ba. Ko wacce aka zaɓa, a auna nisan otal daga ƙofar shiga ƙarƙashin ƙasa mafi kusa. Otal mai arha da aka rubuta "minti 10 daga tasha" zai zama minti 20 ga mai jan akwati, domin tayar akwati ba ta juyawa a cikin dusa.

Takalmi kuma, zaɓi biyu ne. Ko a sayi na hunturu a can, mai ƙasan roba mai zane da rufin da ruwa ba ya shiga, ko a sayi ƙusoshin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmin da aka zo da shi, waɗanda ake samu a shagunan tasha da kuɗi kaɗan. Ga mai kwana 3 ko 4 ƙusoshin sun isa, amma dole a cire su idan an shiga gini, don a kan tayil su ma santsi suke yi. Wurin da aka fi faɗuwa shi ne mararrabar titi, inda tayoyin mota suka goge ƙanƙarar ta yi sumul. A riƙa taku gajere, a fitar da hannu daga aljihu. Akwatunan da ke gefen mararraba suna ɗauke da ƙananan buhunan tsakuwa, kyauta ne, don a watsa. Game da tufafi, riguna 3 marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi, saboda cikin shaguna da jirage da ɗumi sosai, kuma wanda ya yi gumi a ciki zai ji jiki idan ya fito. Ƙunshin ɗumama jiki da ake kira kairo ana manna shi a kan riga ne, ba a kan fata ba, yana ƙona ta a hankali.

Tikitin yini na jirgin ƙarƙashin ƙasa yen 830 ne, na Asabar da Lahadi da ranakun hutu, Donichika, yen 520. Tunda mafi ƙarancin kuɗin hawa yen 210 ne, sai an hau sau 4 a ranar aiki kafin tikitin ya biya kansa, kuma mai masauki a tsakiyar gari da wuya ya kai hakan. A cikin katunan biyan kuɗin jirgi, Kitaca ko Suica ya fi SAPICA ga baƙo, domin SAPICA ba ya aiki a jiragen JR.

Wuraren hangen gari 3 ne ake yawan kwatantawa. Dutsen Moiwa, mai tsawon mita 531, ya fi kyau da dare, amma iska mai ƙarfi takan sa a dakatar da keken igiyar da ke hawa da mutane. Hawa na 38 na JR Tower yana manne da tasha, ba a fita waje. Hasumiyar talabijin ta fi su gajarta, amfaninta shi ne tana kallon Odori kai tsaye, don haka sai lokacin fitilu ko biki take cin kuɗinta. Idan akwai yini guda na rara, a tafi garin Otaru na bakin teku, ƙasa da awa ɗaya a jirgi, a zauna ta hannun dama don ganin teku.

Abinci ne ke buƙatar natsuwa ga Musulmi. Taliyar da Sapporo ta yi suna da ita, miso ramen, a al'ada da romon ƙashin alade ake yin ta, ana kuma zuba kitsen alade a sama don kada ta huce. Cire yankan naman da ke kai bai gyara komai ba. Miyar kori mai ruwa-ruwa da cinyar kaza da kayan lambu ta fi kama da abin da za a iya ci, amma gidaje da yawa suna haɗa ƙashin alade a romonta, sai an tambaya. Jingisukan naman tunkiya ne da mutum ke gasa wa kansa a kan kasko mai tudu a tsakiya, ɗan'uwan balangu ne, sai dai ba kowane gida ke amfani da yankan halal ba, kuma ruwan da ake tsoma naman yakan ƙunshi barasa. Akwai gidajen da ke tanadar na halal, wasunsu sai an sanar da su tun kafin a zo. Masallacin Sapporo, kusa da Jami'ar Hokkaido, wuri ne mai kyau na tambayar inda ake ci a yanzu.

Mafi sauƙi shi ne abincin teku: ƙaguwa, gasasshen kifin hokke, da shinkafa mai ɗanyen kifi da ƙwansa a kai. Kasuwar Nijo tana kusa da Odori, ana zuwa da ƙafa, amma ƙarama ce kuma ta baƙi. Kasuwar Jogai da ke gefen babbar kasuwar sari ta fi yawan shaguna, sai an hau jirgi, kuma da safe take ci. A tambayi nauyi da farashin ƙaguwa kafin a dafa. A jikin kayan kanti, a haddace alamomi 3: 豚 alade, 酒 barasa, みりん wani ruwan girki mai barasa.

Sayayya kuwa, Tanukikoji titi ne mai rufi na kusan mita 900, a nan ake samun magunguna, kayan kwalliya da tarkacen tsaraba. Babban kantin Daimaru da ke jikin tasha ya fi tsada, amma a hawansa na ƙasa ana rage kuɗin dafaffen abinci idan an kusa tashi. Harajin saye kashi 10 ne, na abinci kashi 8, kuma ana yafe wa baƙo idan ya sayi na yen 5,000 ko fiye a shago ɗaya a rana ɗaya, da fasfo na ainihi a hannu, ba hotonsa ba. Daga Nuwamba 2026 tsarin shi ne a biya tukuna, a karɓi kuɗin bayan an tantance kayan wajen fita ƙasar. Kayan lantarki na cikin gida 100V ne, wutar Najeriya da Nijar za ta ƙona su, sai a nemi wanda aka rubuta 100–240V.

Biskit ɗin Shiroi Koibito yana jure tafiya. Cakulan mai taushi na Royce yana buƙatar sanyi, ba zai kai Kano ko Maraɗi da siffarsa ba, kuma yawancin nau'o'insa da barasa a ciki. Duk waɗannan ana sayar da su a filin jirgin New Chitose, don haka a bar tsarabar ci sai ranar tafiya, a isa filin da rarar awa ɗaya.