Gargaɗi: a kula da mai tallar birkin Brembo na jabu ga masu son hawa filin tsere

'Yan uwa masu BMW da Marsandi, da duk wanda ke shirin ƙara wa motarsa ƙarfin birki don shiga filin tsere, ku tsaya ku ji. Akwai wani mai shafi a Instagram da ke tallar cikakken saitin birkin Brembo: kalifa (ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifai) mai fistin shida, faifai mai huji-huji, takalman birki, tiyo, har da man birki kyauta, duka a kan kuɗin da bai kai rabin na asali ba. Kana yi masa magana zai ja ka WhatsApp, ya ce kwantena ta iso, saiti biyu suka rage, "Alhaji, ka turo kafin alƙalami kar a riga ka." Asusun da zai ba ka kuma da sunan wani ne daban, wai yaron shagonsa.

Wasu da zarar alat ya shiga sai ya toshe lambarsu. Waɗannan kuɗi kawai suka rasa. Waɗanda suka fi tayar min da hankali su ne waɗanda kayan suka iso musu.

Na ga irin saitin a garejin bakanikena, wani matashi ya kawo a ɗaura masa. Daga nesa jan fentin yana ɗaukar ido. Da oga ya sa farce a kan rubutun Brembo, sai ya ɓallo, ashe sitika ce. Ƙarfen da zai riƙe kalifar a jikin ƙafar mota kuwa da hannu aka yanka shi, an faɗaɗa ramukan da fayil don su dace, kusoshin kuma babu alamar 10.9 ko 12.9 da ake bugawa a kan kusa mai ƙarfi. A kan wannan ɗan ƙarfen duk nauyin tsayawar mota yake sauka. Oga ya mayar da kayan kwali, ya ce wa yaron wallahi ba da hannunsa ba.

Mai tallar yana da wata dabarar. Tsofaffin kalifofin Porsche Cayenne da Touareg da Audi Q7, waɗanda ake kira 17Z da 18Z, aikin Brembo ne na gaskiya, kuma ana samunsu cikin kayan Beljiyam. Sai ya wanke su, ya fesa fenti, ya sayar a matsayin sababbi na tsere, robobin ciki kuwa sun tsufa. Sayen na hannu ba laifi ba ne idan an faɗa maka, ka canza robobin, kuma wanda ya san aiki ya lissafa ko girman fistin ɗin ya dace da mastar motarka, wato famfon da ke tura man birki idan ka taka feda. An ƙera su ne don manyan motoci masu nauyi. A ƙaramar mota suna iya sa feda ta yi zurfi, su kuma ɓata daidaiton birkin gaba da na baya. Shi kuma murfin roban nan da ake maƙalawa a kan kalifa don ta yi kama da babba, kamfanin Brembo na Italiya ba ya yin sa sam.

Abin da ya sa yaudarar ke tafiya shi ne, birkin jabu yana kamawa a cikin gari. Ka zaga unguwa, ka taka, mota ta tsaya, ka ce alhamdulillahi. Filin tsere wani abu ne daban. Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. A can ana taka birki da ƙarfi a kowace kwana, faifai bai huce ba an sake takawa, har ya haura digiri 500. A nan takalmin banza yake ƙonewa ya yi santsi, a nan faifai mara kyau yake tsagewa daga bakin hujin.

Man da mai tallar yake bayarwa kyauta ya fi komai haɗari. Ƙa'idar DOT 4, wato ma'aunin ingancin man birki, ita ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, idan ya sha ruwa kuma 155. Na tsere irin Motul RBF 600 yana wuce 300. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, don haka kwalbar da aka taɓa buɗewa ba abin yarda ba ce, balle wadda aka ɗura mata wani mai aka liƙe baki. Idan mai ya tafasa a cikin tiyo, tururi ne ke maye gurbinsa, feda ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama, mota kuma tana fuskantar kwana. Allah ya kiyaye.

Mai fara shiga fili galibi bai ma buƙatar babban saiti. Takalma masu jure zafi irin Ferodo DS2500, sabon mai a rufe daga dila sananne, da tiyo mai saƙar ƙarfe sun wadatar, kuma kuɗinsu bai kai abin da mutumin nan ke karɓa ba. Wanda ya nace sai Brembo, kamfanin yana da manhajar Brembo Check da ake duba lambar QR ɗin kayan da ita. Ka ce wa mai sayarwa sai ka duba kafin ka biya, a gaban bakanikenka. Idan ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, ka riƙe kuɗinka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yau ɗin nan, ya adana hotunan hirar da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma ya riga ya ɗaura kayan, don Allah ya ajiye motar, a kwance su a duba kafin ta sake hawa titi.