Kayan Wanka a Ingila: Wanda Ya Fi na Gida da Wanda Bai Kai Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari.

Bayan waya da takalmi, babu saƙon da ake yawan yi wa mazauna Ingila kamar na kayan wanka: a taho da shamfu, a taho da sabulun ruwa, a taho da man da ke sa fata sheƙi. Zaton da ake yi shi ne duk abin da aka ɗauko a Boots, babban kantin magani da kayan shafa na Ingila, ya fi na kasuwar Sabon Gari. A wasu kayan haka ne, a wasu kuma asarar kilon jaka ce kawai. Su ma masu zuwa karatu ko aure sukan cika akwati da sabulun salo, wata biyu su ga fatarsu ta yi furu-furu, su ce sabulun ne jabu. Ba sabulun ba ne. Ruwan da iskar ɗakin ne suka canza, kuma kayan nan an haɗa su ne don wannan ruwan da wannan iskar.

A Landan da kudu maso gabashin Ingila ruwan famfo yana ratsa duwatsun alli, sai ya kwaso kalsiyam da magnesiyam. Ruwan da ya wuce miligiram 200 na alli a lita ana lissafa shi mai alli da yawa, kuma na Landan ya wuce haka, a wasu unguwanni ya doshi 300. Shaidarsa ita ce farin ɓawon da ke kama cikin butar lantarki da kan shawa. Manchester kuwa ruwanta daga tafkunan Lake District yake zuwa, Birmingham daga kwarin Elan na Wales, Glasgow daga Loch Katrine, duk marasa alli sosai. Shi ya sa 'yar uwa a Manchester za ta yaba sabulu, ta Landan ta kushe shi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Kamfanonin ruwa suna da shafin da za a sa lambar unguwa a ga nauyin allin, ya kamata sabon zuwa ya duba kafin ya kashe kuɗi.

Sabulu na ainihi, wato wanda aka dafa mai da soda ko ruwan toka, in ya haɗu da kalsiyam sai kumfarsa ta mutu, ya bar wani farin maiƙo da ba ya narkewa. Wannan maiƙon ne ke zama a jikin baho, shi ne kuma ke zama a fata da gashi. Ga shi ma'aunin pH (mai nuna tsamin abu ko kaifinsa irin na kanwa) na sabulu yana kai 9 zuwa 10, alhali na fata wajen 5 ne, don haka kowane wanka yana kwashe man da ke kare ta. Sai a ƙara da hita, wadda ke aiki daga Oktoba har Afrilu tana busar da iskar ɗaki, tamkar hunturun Kano ne na wata shida a cikin gida. Ga alwala sau biyar da ruwan ɗumi. Nan ne kaushi da ƙaiƙayin ƙwauri da tsagewar bayan hannu ke farawa.

Kayan wanke jiki a nan kashi huɗu ne, kuma bayan kwalin ne ke bambanta su, ba gabansa ba. In ka ga sodium palmate ko sodium tallowate a farkon jerin, sabulu ne na ainihi. Shi sodium tallowate daga kitsen shanu ko tumaki yake, wanda ke son kauce wa kitsen dabba sai ya nemi mai alamar Vegan. In ka ga sodium lauroyl isethionate, kamar a Dove, ƙirar sabulu gare shi amma ba ya faɗa da alli sosai, kuma pH ɗinsa wajen 7 ne. Sai sabulun ruwa, wanda yawanci sodium laureth sulfate ne da cocamidopropyl betaine, an daidaita shi kusa da pH na fata. Na kantuna masu araha irin su Aldi da Lidl bai kai fam ɗaya ba ko ya ɗan wuce, kuma abin da ke wankewa a cikinsa ɗaya ne da na masu tsada, turare da kwalba ake saya. Na huɗu shi ne wanda na fi ganin darajarsa, wato man wanka marar kumfa irin su Cetraben da Epaderm da Dermol 500. Ana shafa shi a jiƙaƙƙen jiki a ɗauraye. Mutumin da ya saba da kumfa zai ji kamar bai yi wanka ba, amma ga mai kirci ko tsoho ko jariri mai busasshiyar fata babu kamarsa. Yana sa baho santsi, a shimfiɗa tabarmar roba.

Soso kam na gida ya fi, nesa ba kusa ba. Na nan dunƙulen raga ne mai laushi da ke riƙe ruwa ya yi wari, ko ƙyallen tawul. Dogon sosonmu na raga yana kai bayan mutum, yana bushewa da wuri, har shagunan nan sun fara sayar da shi da tsada. Sai dai a rage dirza: sau biyu ko uku a mako a lokacin sanyi ya isa. Cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa, mililita 5, a kan soso yana wanke jiki duka. A sauran ranaku sabulu ya tsaya a hammata da matsematsi da ƙafa. Ruwa ya zama mai ɗumi, wajen digiri 37, kada ya kai mai tururi, wanka kuma kada ya wuce minti 10.

Wurin shafa mai ne mutanenmu suka fi kuskure. Basilin da man kaɗe ba sa ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki suke yi. In an shafa su a busasshiyar fata sai a ga sheƙi a sama, ƙasa kuma tana nan a bushe. Tsarin shi ne a dangwale jiki da tawul, cikin minti 3 a shafa loshan mai glycerin ko urea, sannan a bi da man kaɗe kaɗan. Urea kashi 10 cikin 100 na ƙwauri da gwiwa ne, kashi 25 irin na Flexitol na faso ne, a shafa da dare a sa safa. Man shafa da ake kira aqueous cream yana da araha kuma sunansa na asibiti ne, amma yawancinsa akwai sodium lauryl sulfate a ciki. Tun 2013 hukumar magunguna ta MHRA ta yi gargaɗin yana iya fusata fata in an bar shi a jiki, musamman ta yara masu kirci. Wani gargaɗin na hukumar, na 2018, ya shafe mu ƙwarai: mayukan nan suna shiga zanen gado da tufafi su bushe, su sa su kama wuta da sauri. Mai shafa su da yawa ta kiyayi tsayawa kan kaskon turaren wuta da kayan barci.

Man kaɗen da aka rubuta a gaban kwalaben nan sau da yawa suna ne kawai. Doka ta ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, to in Butyrospermum parkii, wato sunan man kaɗe a jerin, ya zo can ƙasa kusa da turare, ɗigo ne aka sa. Ɗanyen man kaɗe na gida ya fi shi, ya kuma fi araha. Matsalarsa a nan daskarewa yake yi saboda sanyi. A sa kashi uku nasa da kashi ɗaya na man zaitun a kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke, a juya, a sa a firji nan take. In aka bar shi ya huce a hankali sai ya yi tsakuwa-tsakuwa.

Gashi ya fi fata shan wahalar alli. Yawancin shamfun manyan kantuna an yi su ne don miƙaƙƙen gashi mai saurin maiƙo, wanda ake wankewa kullum ko bayan kwana biyu. Namu a nannaɗe yake, man fatar kai ba ya gangarawa zuwa ƙarshen silin, don haka wanki bayan kwana 7 zuwa 10 ya isa. Kayan gashinmu, irin su Cantu da SheaMoisture da Palmer's, yanzu ana samunsu a Boots da Superdrug, amma zaɓi da rangwame suna shagunan Rye Lane a Peckham da Brixton da Ridley Road a Dalston, duk a Landan.

In an tsefe kitso, a fara cire gashin da ya zube da yatsa kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba sai ya cukurkuɗe. A raba kai gida huɗu. Shamfu na fatar kai ne, a murza da tafin yatsu ba da farce ba, kumfar da ke gangarowa ta wadatar da sauran. Kwandishana kuma na silin ne, a bar shi minti 3 zuwa 5, a taje da babban mataji daga ƙarshe zuwa tushe yana jike. Bayan ɗauraya sai man da ake bari a gashi, sannan mai kaɗan a rufe. Idan gashi ya fara tauri, ya daina shan mai, yana karyewa a mataji duk da wannan, alli ne ya taru. Sau ɗaya a wata a yi amfani da shamfun da aka rubuta chelating ko hard water a jikinsa, mai EDTA ko citric acid, a bi shi da kwandishana mai kauri domin yana busarwa. Ko a zuba cokalin cin abinci ɗaya na khal ɗin tuffa a ruwa mililita 250, a kwarara a kai bayan shamfu, minti biyu a ɗauraye. Mai gashin da aka sa wa rilaksa ta fi kowa buƙatar wannan, don nata ya riga ya raunana. Matacin da ake ɗaura wa kan shawa yawanci kulorin yake ragewa, ba ya cire alli. Mai cirewa na'ura ce mai cin gishiri da ake haɗawa a babban bututun gida, kuma ɗan haya ba shi da ikon sa ta sai da izinin mai gida.

Kada a ɗaura ɗankwali ko hijabi a kan jiƙaƙƙen gashi. Babu zafin ranar da zai busar da shi a nan, sai ya kwana da danshi, wari da ƙaiƙayi su biyo baya. A busar da na'ura a matsakaicin zafi.

Karkashi ya cancanci gurbi a jakar duk mai tahowa. Busasshen ganye cike da tafin hannu a lita ɗaya ta ruwan zafi, minti 15, a tace, yauƙinsa yana warware gashi fiye da kwandishana da yawa masu tsada. A haɗa na rana ɗaya kawai, domin ba ya ajiyuwa. Man shanu kuwa a bar shi a gida: doka ta hana shigo da nama da kayan nono daga Najeriya ko Nijar, ƙwacewa ake yi a filin jirgi.

Amosani ba bushewar kai ba ne kamar yadda ake ɗauka, wani ƙwayar yis ne mai cin maiƙo, shi ya sa labta man zaitun ko na kwakwa a fatar kai ke ƙara shi. Nizoral, mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, ana saye a kemis ba tare da takardar likita ba: sau biyu a mako na mako 2 zuwa 4, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin ɗauraya, sannan a koma sau ɗaya a mako ko biyu. Masu cewa bai yi musu aiki ba yawanci nan take suke wankewa. Makero a kan yaro kuwa shamfu ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni daga likita, kuma maganin yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta ne. Babba a Ingila yana biyan fam 9.90 a kowane magani da aka rubuta, sannan tun 2018 an shawarci likitoci su daina yawan rubuta maganin amosani da ƙaramar bushewar fata, mutum ya saya da kansa. Shawarar mai kemis kyauta ce kuma ba sai an yi alƙawari ba. 

Inda Ingila ta yi mana fintinkau shi ne amana a kan abin da ke cikin kwalba. Dole a rubuta sinadarai, da lambar haɗi, da suna da adireshin kamfanin da za a kama in an cutu. Hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 12M yana nufin a gama da shi cikin wata 12 bayan buɗewa. Cikin sinadaran da ake sa wa man bilicin, an hana hydroquinone a kayan shafa tun 2001, an hana makuri (mercury), clobetasol kuma sai da takardar likita. Duk da haka wasu shaguna suna ɓoye man bilicin a ƙarƙashin kanta, jami'an Trading Standards, masu sa ido kan kayan kasuwa, suna kamawa ana cin tara. Don Allah a daina aiko saƙon man ƙara haske "na Landan". Wanda ke sauya launi cikin mako biyu ba halastaccen kayan nan ba ne, kuma ƙarshensa siririyar fata ce mai nankarwa da baƙin tabon da ba ya fita.

Abin da ya cancanci kilo zuwa gida shi ne wanda ake yawan yin jabunsa ko ake wahalar samu: babban gwangwanin Cetraben ko Epaderm mai giram 500 ga mai kirci, man urea na faso, Nizoral, da kwandishana mai kauri. Sabulun ruwa ba ya ciki, kalmar farko a jerinsa Aqua ce, ruwa za a biya wa kuɗin jirgi. Mai kauri irin Epaderm na hunturu ne, a zafin Afrilu na gida yana iya toshe fata ya kawo ƙuraje, lokacin sai loshan mai sauƙi. Wajen saye a duba ƙaramin farashin mililita 100 da ke jikin kanta, a kuma jira rangwamen sayi uku biya biyu da Boots ke yawan yi. Wajen ɗauri a buɗe murfi, a shimfiɗa leda a bakin kwalba, a mayar a naɗe da salatif, kowace kwalba a ledarta, a tsakiyar tufafi. In ta jirgin ruwa ne, kwantena tana yin makonni cikin zafi, loshan yana tsinkewa mai ya rabu da ruwa, don haka a tura sabulun Dove da basilin ta nan, masu ruwa-ruwa kuma a ba matafiyi.