Awon ciki na rukuni: ya dace da mai cikin fari?

A yawancin asibitocin gwamnati, darasin shirin haihuwa shi ne laccar da nas ke yi da safe ranar awo, benci cike da mata, kowace hankalinta na kan layin kati. Wadda ta haifi biyar ba ta yi asarar komai ba in ba ta ji ba. Mai cikin fari kuwa tambayoyi ne fal a ranta, ga kunya, ba za ta ɗaga hannu a bainar jama'a ta ce fitsari na yi mata zafi ba. Matsalar da awon rukuni ya zo magancewa ke nan. Tsarin daga Amurka ya samo asali, ƙungiyar kiwon lafiya ta Jhpiego ta gwada shi a Jihar Nasarawa, kuma sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna matan rukuni sun fi zuwa awo, sun fi haihuwa a asibiti. Yanzu ana samunsa a wasu ƙananan asibitocin Kano da Kaduna.

A zuwan farko ana ganin ki ne ke kaɗai: a buɗe kati, a gwada jini da fitsari, a ƙiyasta watan haihuwa. Daga nan a haɗa ki da mata takwas zuwa goma sha biyar masu ciki kusan tsaran naki, a ba ku ranaku. Duk zama yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ku da kanku za ku hau sikeli, ku auna wa juna hawan jini, ungozoma ta duba kowace a bayan labule, sannan a zauna a zagaye ana tattaunawa da katunan hotuna.

Auna jinin nan da hannunki shi ne abu mafi daraja a tsarin. Macen da ta saba ganin lambarta ta san cewa 140 bisa 90 ba abin wasa ba ne, kuma in ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko kumburin fuska da hannuwa, jijjiga ce ke sallama. Jijjiga ta fi kama masu cikin fari, sau da yawa kuma a gida a ɗauka iska ce, a tsaya hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure.

Ta fannin magunguna ma rukuni ya fi lacca, don ana samun damar tambayar dalili. Ƙwayar ƙarin jini takan mai da bayan gida baƙi, ta kuma taurara shi, shi ya sa mata da yawa ke ajiye ta a ɓoye. A zama mai kyau za a gaya miki ba illa ba ce, a ce kada ki haɗa ta da shayi don yana hana jiki tsotse ta. Fansida, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku ake haɗiya a gaban nas, daga mako na 13, a bar aƙalla wata guda tsakani, a sha aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wadda ke shan Septrin ba a ba ta. Folik asid mai nauyin miligiram 5 yana rage ƙarfin Fansida, mai 0.4 ne ake so kullum, don haka ki nuna wa ungozoma abin da kika saya a kemis. Allurar tetanus biyu ce, mako huɗu tsakani, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa.

Inda tsarin ke yin rauni shi ne naƙudar kanta. Wasu masu jagorantar zaman sukan ƙare lokaci a kan abinci da gidan sauro, su wuce naƙuda a gurguje, alhali ita mai cikin fari ke tsoro. Kafin ki shiga, tambayi ko za a koyar da bambancin ciwon ƙarya da na gaske. Na gaske yana zuwa a jere, yana ƙara ƙarfi, kwanciya ba ta kwantar da shi. In ya kai duk minti biyar, a kama hanya. In asibitin da nisa, kada a jira hakan. Faya ta fashe, a tafi ko babu ciwo, musamman in ruwan kore ne. Jini ko raguwar motsin ɗa ba sa jiran gari ya waye. Kuma kada a yi nishi kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, santimita 10, don yana kumbura shi. Naƙudar da ta wuce awa 12 a ɗaki ana maganin zaƙi, ita ke kai yarinya ga yoyon fitsari.

Rauni na biyu ba laifin asibiti ba ne. Mai cikin fari ba ita ke yanke hukunci ba. Miji ne, da uwar miji, da mahaifiyarta. Babu ko ɗayansu a zagayen. Ita ta ji cewa dakashi shi ne rigakafin farko, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya, a shafa wa cibiya man kuloheksidin kaɗai, ba man goge baki ko gashi da tsumma ba. Ta koma gida, gwaggo ta ce ba haka aka yi musu ba. Asibitin da ke ware zama ɗaya a zo da miji ko uwa ya fi wanda ba ya yi nesa ba kusa ba.

Sai goyon ciki. Yarinya ta fara rukuni a unguwar mijinta, wata bakwai a mai da ita gidan iyaye a wani gari, ta rasa zaman ƙarshe, waɗanda su ne na shirin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, biyar daga ciki daga mako na 30 zuwa na 40 suke. In an san za a tafi, gara a zaɓi rukuni a garin da za a haihu, ko a karɓi katin da sakamakon gwaje-gwaje a tafi da su.

Mai sikila, mai tagwaye, mai ciwon suga ko hawan jini tun kafin ciki, rukuni bai wadatar da ita ba, likita take buƙata a babban asibiti. Ga sauran, a duba abu uku a asibitin: ana karɓar haihuwa da dare, akwai inda suke turawa in ana buƙatar tiyata ko ƙarin jini, kuma ungozomar da ke jagorantar zaman ba a canza ta kowane wata.